Hannun Halliru

Illela, 9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Halilu ɗan Idi,

Shekara goma sha ɗaya da wata huɗu ke nan tun ranar da na wuni a kan bencin maigadin gidanku a Kaduna, daga hantsi har la'asar, ina jiran ubanka ya fito. Bai fito ba. Kai ne ka fito da ƙwallo a hammata, ka dube ni, ka tambayi maigadi ko mai gyaran famfo ne ya zo. Na fara da wannan don ka san wanda ka rubuta wa, tunda wasiƙarka ta buɗe da "Baba abin alfaharinmu" kamar jiya muka rabu.

Yanzu sai gaisuwa, tunda haka aka saba. Ina fata kana lafiya, da iyalinka. Ni idon hagu ya yi yana, gwiwa kuma ba ta son tsugunno. Ban da wannan sai godiya.

Ban san abin da aka faɗa maka a kaina ba. Uwata da uwar ubanka 'ya'yan wa da ƙane ne. Tare muka tafi Ingila koyon aikin waya, ni na fito na ɗaya, shi na tara. Ni na koya masa riƙon ƙarfen dalma ba tare da ya ƙona yatsa ba. Da aka zo sallamar ma'aikata, ni aka sallama, shi aka ba kujerata. Yau ina gyaran rediyo a wata rumfa kusa da 'yan canji, ina jin ana kiran sefa da naira daga safe har yamma.

Abin da na fahimta daga shafi huɗun da ka cika shi ne wannan. Kamfaninku na Dogon Zango ya ajiye wani akwati a ofishinsa na nan bakin iyaka, mai karɓar takardun kayan motoci ta layin waya daga Sakkwato, ya buga su a takarda. Idan wuta ta yanke masa ta dawo, wani lokaci ya tashi lafiya, wani lokaci ya sandare da jar fitila a kunne, duk saƙon da ke cikinsa ya ɓace, motoci su kwana a iyaka babu takarda. Kai ka haɗa shi, kai ka rubuta umarnin da ke cikinsa. Manajanku ya ce ko dai akwatin ne ko mai kula da shi, kuma kafin ƙarshen Mayu ɗayansu zai tafi.

Mai kula da shi Halliru ne, mijin ɗiyata Raliya. Ka san haka, shi ya sa ka tuna kana da baba a Illela. Tun rasuwar matata a gidansa nake zaune, daga tukunyarsa nake ci. In aikinsa ya tafi, ka san abin da ya tafi da shi.

Saboda haka zan duba, don Halliru. Aiko mini da zanen wayoyin akwatin, da umarnin da ka rubuta, a buge a takarda, layi-layi da lambobinsu. Kada ka taƙaita mini komai. Na fi ka sanin abin da bai kamata a tsallake ba. Na kuma rubuta maka da Hausar rediyo, don kada gobe ka ce Sakkwatanci ne ya hana ka ganewa.

Maccido

*

Kaduna, 24 ga Maris, 1987

Zuwa ga Baba Maccido,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, da Yaya Raliya da yara. Allah ya ba ku sauƙin idon. Akwai likitan ido mai kyau a nan, in kun samu zuwa wata rana. Mu duk lafiya, sai zafi.

Maganar benci ban tuna ba, Baba, ina yaro a lokacin. In na yi haka ku yafe mini. Abin da ke tsakaninku da Alhaji, mahaifina, kuwa ya girme ni.

Ga zanen, ga umarnin, shafi goma sha tara. Na san a zamaninku ba a fara irin wannan aiki ba, don haka bari in ɗan yi bayani. A cikin akwatin akwai babban allo mai ɗauke da ƙwaƙwalwa, sai wani ƙaramin kati da layin waya ke shiga. Duk lokacin da harafi ya iso daga Sakkwato, katin yana ƙwanƙwasa wa ƙwaƙwalwa, ta bar abin da take yi ta zo ta karɓa. Umarnin da ke kula da wannan kati shi muke kira direba, don shi ke tuƙa katin. Ya fara daga layi na 190. Duk umarnin yana ƙone a cikin wani guntu mai 'yar taga a bayansa, za ku gan shi da farar takarda a manne.

Na gwada irin wannan akwatin a ofishinmu fiye da sau ɗari biyu. In kashe, in kunna, ya tashi. Ko sau ɗaya bai sandare ba. Na Sakkwato ma bai taɓa yi ba, na Gusau haka. Sai na Illela kaɗai. Na sa an sauya masa allo a watan Janairu, an sauya kati, ya ci gaba. To, Baba, in allo sabo ne, kati sabo ne, umarnin kuma iri ɗaya ne da na ko'ina, me ya rage?

Ba na son in zargi kowa, balle miji ga 'yar'uwata. Amma ku lura ko ana shan shayi kusa da shi, ko ana rufe shi da tsumma, ko wani na taɓa wayoyin baya. An faɗa mini direbobin motoci suna zama a ofishin kamar majalisa. Wasu kuma sun ce akwai waɗanda suke jin daɗi in takarda ta ɓace. Ni dai ban ce ba.

Manaja ya sa mini ido ƙwarai. Shi ya tsaya mini aka yarda mu haɗa namu akwatin maimakon a sayo daga waje, kuma akwai maganar a ƙara guda goma sha biyu in wannan ya yi kyau. Ku taimaka.

Ɗanku,
Halilu

*

Illela, 13 ga Afrilu, 1987

Injiniya,

Saƙonka ya iso, har da darasin. Na gode da aka sanar da ni cewa waya tana ɗaukar harafi. Muna lafiya. Zafi ya kai inda dalma ke laushi tun kafin a sa mata wuta. Raliya na gaishe ka, ita ba ta san komai game da benci ba.

Kwana uku na rufe rumfa na zauna a ofishinku. Ba a shan shayi kusa da akwatin. Halliru ya ɗinka masa riga da hannunsa, amma sai an tashi aiki yake sa masa. Direbobi a waje suke zama, ƙarƙashin dogon yaro, ba mai ƙetare ƙofa. Kai da ba ka taɓa taka Illela ba, ka ji wannan.

Wutar garin nan ba ta ɗaukewa farat ɗaya. Sai ƙwan fitila ya fara ja, fanka ta fara nishi. Da Halliru ya ga haka sai ya ta da janareto tun wutar ba ta tafi ba, ya dawo ya kama makunnin nan na bango mai hannu kamar wuƙa, ya ture shi daga wutar gari zuwa ta janareto. In ta gari ta dawo ya mayar. A wuni yakan yi haka sau shida, sau bakwai. Direbobi suna kiransa Walƙiya, don fanka ba ta ko rage gudu in ya ture. Wani Bakonne mai tirela, mutumin ƙetaren iyaka, ya ce da za a ba shi sitiyari da ya kai Agadas kafin azahar. Halliru ya yi murmushi kawai, ba ya dariya a gabana.

A gabana akwatin ya sandare sau biyu. Na biyun, Halliru ya tsaya yana kallon jar fitilar, ya ce da ni, ba tare da ya ɗago kai ba, "Baba, mi ni yi mai? Ko ɗiyana ban lallaɓa kamar wanga akwati."

Na ce ya kawo mini mitar awon wuta. Na buɗe bayan, na sa allura a wuri biyu, na ce ya kashe. Na ga abin da nake nema. Na koma gida na karanta shafukanka goma sha tara da gilashin ƙara girma, da ido ɗaya. A shafi na bakwai na same ka. Rubutunka yana da tsabta, wannan na ba ka. Amma ka yi irin kuskuren ubanka: kana zaton in ka rufe ido kowa ma barci yake.

Ciwon akwatinka a hannun Halliru yake. Iyakar abin da zan faɗa maka ke nan a yau.

Sauran bayanin yana nan a rubuce, shafi biyu, cikin aljihun rigata. Gyaran bai fi layi uku ba. Zan aiko maka ranar da na samu takarda daga Idi, da hannunsa, ba da na akawu ba, yana cewa: Maccido, ɗana ya kasa, ka taimake shi. Ba na neman ya ba ni haƙuri, na san bai iya ba. Wannan layin kaɗai nake so. Kuna da sauran mako shida, Kaduna kuwa kwana biyar ce a wasiƙa.

Maccido

*

Kaduna, 2 ga Mayu, 1987

Baba,

Barkanmu da shiga azumi, Allah ya karɓa mana. Ina fata jiki da sauƙi. Ku gafarce ni, na yi tafiya Legas, sai shekaranjiya na tarar da wasiƙarku.

Ashe ba ku da labari. Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki tun bara da damina. Hannun dama ba ya motsi, magana ma sai mu da muka saba muke ganewa. Na karanta masa sunanku, ya yi ta hawaye, ban san ko na mene ne ba. Takardar da kuke so ba za ta samu ba.

Amma kun riga kun ba ni abin da nake bukata, kuma na san da wuya kuka rubuta shi, tunda surukinku ne. Na nuna wa manaja layin. Ya ce in dai tsohon injiniya, wanda yake ci a gidan mutumin, ya zauna kwana uku ya ce ciwon a hannunsa yake, to magana ta ƙare. Ya yaba da gaskiyarku. Za a yi abin a hankali, ba za a kira 'yan sanda ba, na roƙi wannan.

Allah ya saka da alheri.

Halilu

*

Illela, 19 ga Mayu, 1987

Halilu,

Wasiƙarka ta 2 ga wata jiya ta iso, ta yi kwana goma sha shida a hanya. Takardar sallamar Halliru ta riga ta, ranar Alhamis aka kawo ta da motar kamfani. Ba zan ce muna lafiya ba. Allah ya ba Idi sauƙi, ban sani ba, wallahi ban sani ba.

Hannu na ce. Hannu, mai yatsu biyar. Karanta wannan da kyau, ka kai wa manajanka yau.

A kan katin layinka akwai babban kwandensa mai riƙe wuta, na kusa da inda waya ke shiga. In an yanke wuta, babban allo yana mutuwa nan take, amma katin yana nan da rai, allurar mita tana sauka a hankali, sai na ƙirga shida kafin ta kwanta. Kuma ba ka ja wayar da ke mayar da ƙwaƙwalwa farko zuwa katin ba, duba zanenka, ƙafa ta goma sha ɗaya a sake take. Kai in ka kashe a Kaduna kana jira, ko ka gyara zama, ko ka rubuta lamba a littafi, kafin ka kunna kati ya riga ya mutu, ya tashi shiru. Na Sakkwato da na Gusau sai wuta ta tafi suke zuwa neman janareto. Halliru kaɗai ne yake turawa kafin ƙiftawar ido. Ƙwaƙwalwa ta faɗi ta tashi sabuwa, kati kuwa bai san an yi komai ba. In a daidai lokacin Sakkwato na aiko da saƙo, yana riƙe da harafi yana ta ƙwanƙwasawa.

Yanzu duba shafi na bakwai. A layi na 212 direbanka ya ce wa ƙwaƙwalwa ta fara sauraron ƙofa. Sai a layi na 240 ya rubuta mata inda za ta je in an ƙwanƙwasa. Tsakanin nan in ta ji bugu, sai ta duba adireshi ta tarar da shara, ta bi sharar, ba ta dawowa. Shi ya sa ba kullum ba ne, sai an yi sauri kuma layi na magana. Gyara: ka fara rufe bakin katin, ka zubar da abin da ke cikinsa, ka rubuta adireshi, sannan ka buɗe kunne. In kana shakka, ka sa wani ya riƙa aiko da saƙo, ka kashe ka kunna da bugu ɗaya. Kafin sau goma za ka ga jar fitila.

Laifinka ne, Halilu. Mutumin nan ƙwarewarsa ce ta tona kuskurenka. Don kada takardar kowa ta ɓace ya koyi wannan saurin.

A cikin takardar sallamar an kwafe layina, da sunana a ƙasa. Halliru ya kawo ta gida ana dab da shan ruwa, ya ba Raliya ya shiga ɗaki. Ita ta karanta a tsakar gida, sau biyu, tana bin layin da yatsa. Ta kawo mini kunu da dabino kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Baba, rubutunku na?" Na fara bayanin kwandensa. Ta saurara har na gama, ta ce to, ta ɗauki faifan ta tafi.

Shi bai tambaye ni ba, ka san ba zai iya ba. Da safe yana zuwa ƙofar ɗakina ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya gaishe ni, ya fi da daɗewa a tsugune. A kasuwa kuwa an riga an ce yana karɓar na goro a wurin masu fasa-ƙwauri don ya kashe akwatin, har surukinsa ya kama shi.

Shekara goma sha ɗaya ban roƙi kowa a gidanku komai ba. Ina roƙonka. Ka ce ni na ruɗe ka, ka ce tsufa ne, ka ce duk abin da ka ga dama a kaina. A mayar da shi kafin Sallah.

Maccido

*

Kaduna, 6 ga Yuli, 1987

Baba,

Gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya, da fatan damina ta sauka da albarka. Wasiƙunku uku duk sun iso. Aiki ne ya yi yawa. Alhaji yana nan yadda yake.

Na karanta bayaninku, akwai ilimi a ciki. Sai dai ga yadda abin yake a nan. Tun ranar da Malam Mukhtari ya karɓi ofishin Illela, yau mako bakwai, akwatin bai sandare ba ko sau ɗaya. Manaja yana da wannan a rubuce. An sa hannu a kan guda goma sha biyun. In na shiga yanzu na ce a dawo da wanda aka kora saboda baban matarsa ya sake tunani, me kuke jin za a ce? Za a ce kuka aka yi muku a gida.

Kun ce laifina ne. Ni abin da kuka rubuta na karanta, da Hausar rediyo, kamar yadda kuka ce. Duk wanda aka ce masa ciwo a hannun wane yake, ya san abin da ake nufi.

Akwai kuma abin da na kasa ganewa, ku gafarta mini. Kun ce tun 13 ga Afrilu kuka sani. Daga ranar zuwa ranar da aka sallame shi wata ɗaya ne cur, kuma a littafin ofis akwatin ya sandare sau tara a wannan watan. Gida ɗaya kuke kwana. Me ya hana ku ce masa, Halliru, in ka kashe ka ƙirga goma? Ba sai da zane ba, ba sai da takardar Alhaji ba.

Zan sa ido ko wani wuri na neman mai gadi ko akawu. Ban yi alkawari ba.

Ɗanku,
Halilu

*

Illela, 17 ga Agusta, 1987

Halilu,

Ina fata kana lafiya. Idon dama ma ya fara. An yi ruwa sosai, gero ya yi kyau wajen Amarawa.

Tambayarka tana da amsa. Ban faɗa masa ba don ina so akwatin ya ci gaba da mutuwa har ubanka ya rubuto. Duk ranar da Halliru ya dawo ya ce ya sake sandarewa, ni daɗi nake ji, ina cewa yau ma Kaduna ba a yi barci ba. Ka samu abin da kake so in faɗa. Kai wa manaja wannan ma.

Na san Mukhtari tun yana sayar da batir. Mutum ne da in zai sauya wuta sai ya ajiye carbi, ya naɗe hannun riga, ya ja wuƙar zuwa tsakiya, ya yi bisimilla, ya leƙa ya ga ko janareto na nan inda ya bar shi, sannan ya tura. Ko katin da ya fi naka taurin rai ya mutu kafin nan. Don haka na yanke shawarar in nuna musu da idonsu.

Bayan Babbar Sallah na ji babban jami'inku na Sakkwato zai zo. Na sa rigar da na dawo da ita daga Ingila, na tafi. Na ce masa a ba ni izini sau goma kawai, a sa Sakkwato su riƙa aiko da saƙo, in akwatin bai sandare ba a kira ni maƙaryaci. Ya yarda, ina jin don nishaɗi. Direbobi suka taso daga ƙarƙashin bishiya suka cika taga. Na aika a kira Halliru, bai zo ba, amma Raliya ta zo ta tsaya daga nesa da lulluɓi.

Na kama wuƙar na tura. Akwatin ya tashi. Na mayar, ya tashi. Hannuna ba na Halliru ba ne, amma ya fi ƙirga shida sauri nesa ba kusa ba. Sau goma, sau goma sha biyar, kafaɗata ta fara ciwo, takarda na ta fitowa lafiya. Daga taga wani ya ce, "Tsoho, bari hakanan, kar ka ɓalle hannun, ba mu da na sakewa." Aka yi dariya. Jami'in ya ce in zauna in sha ruwa.

Na ce a ba ni sukudireba. Mukhtari ya so ya hana, jami'in ya ce a bar ni. Na buɗe bayan. Guntun nan mai taga ba shi ne na gani a Afrilu ba. Farar takardar da ke kansa sabuwa ce, da rubutunka mai tsabta: 2 ga Yuni. Mukhtari ya ce wani ne ya zo daga Kaduna bayan ƙaramar Sallah ya sauya, ya ce shara ce kawai ake yi.

Wato ka karanta wasiƙata, ka gwada, ka ga jar fitilar da idonka. Ka gyara layi ukun, ka ƙona sabon guntu, ka aiko a ɓoye. Bayan wata guda ka zauna ka rubuta mini cewa akwai ilimi a cikin bayanina. Na nuna wa jami'in kwanan watan, na fara yi masa bayani. Ya dubi agogo, ya ce shi ba injiniya ba ne, in rubuta wa Kaduna. Da na waiwaya Raliya ta tafi.

Kada ka wahalar da kanka da neman aikin gadi. Babu mai ɗaukar Halliru a wannan gefen iyaka, sunan ya riga ya bi shi har Gidan Katta. Wani ɗan'uwan uwarsa yana da injin niƙa a Tawa, cikin Nijar, ya ce ya zo. Halliru ya sayar da gidan ga wani ɗan canji, da sharaɗin a bar mini ɗakina har ƙarshen shekara. Shi da kansa ya sa wannan sharaɗin, ba wanda ya roƙe shi. Ya zo ya tsuguna ya ce in yafe masa in ya taɓa saɓa mini. Raliya ta bar mini tukunya ɗaya da buhun gero, ta ce za ta aiko da saƙo in sun zauna. Ban ji an ce in biyo su ba.

Sun ƙetare ranar Laraba da safe, su biyu da yara uku, a bayan motar albasa.

Maccido